Kayan aro ba ya rufe katara: kan masu son mu tara kuɗi mu sayi tarihin yaƙi da dala

Rubutun nan na da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun daren 25 ga Disambar 2025, lokacin da Amurka ta sanar da kai hari a jihar Sakkwato, wani abu kuma ya faɗo a gonakin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, kusan kowa ya zama masanin makamai a dandalin nan. Wannan ya ce makami mai linzami ne daga teku, wancan ya ce jirgi marar matuƙi ne, wani ya ɗauko hoton guntun ƙarfe ya zagaye shi da jan layi yana ba mu darasi. Gwamnatin tarayya ta ce can yankin Tangaza aka nufa, ɓaraguzai ne suka faɗo Jabo. To daga wannan gardamar ne wata shawara ta ɓullo a zaurukan WhatsApp na 'yan bokon Tambuwal da Kebbe, kuma har yau tana yawo: wai mu yi karo-karo mu sayi manyan kundayen tarihin yaƙi na Turawa, irin na intanet ɗin nan masu ɗan karen tsada, don mu daina magana da ka. An ambaci Janes, an ambaci The Military Balance, an ambaci kundin tarihin soja na Oxford da wasu irinsu. Niyyar mai kyau ce, masu shawarar kuma mutanen kirki ne, wasunsu ma sun girme ni. Amma ni ban yarda ba. Ko naira ɗaya ba zan sa ba, kuma ina so in faɗi dalilina a fili inda kowa zai iya mayar mini da martani.

Mu fara da kalmar "saye" ita kanta. In ka sayi rago a kasuwar Tambuwal, kuka yi sallama da mai shi, dillali ya karɓi la'adarsa, igiya kake kamawa ka ja abinka gida. Ka ga dama ka yanka, ka ga dama ka kiwata, ka ba surukinka, ko ka mayar kasuwa ka sayar da riba. In ka mutu ya shiga gado. Wannan shi ne saye. Abin da waɗannan kamfanoni ke ba ka kuwa izinin leƙawa ne. Wasu na shekara ne, ranar da shekara ta cika ƙofa ta rufe, ko shafi ɗaya ba ka tashi da shi ba. Wasu kuma ana ce maka naka ne har abada, amma littafin yana ɗaure cikin manhajarsu, ba ka iya ba wa maƙwabcinka aro, ba ka iya sayarwa, ba ka iya barin shi ga ɗanka. Haya ce aka sa wa rigar saye.

Kada wani ya ce zargi ne kawai. A watan Yulin 2009 kamfanin Amazon ya shiga cikin na'urorin Kindle na mutane ya goge littattafan George Orwell guda biyu da suka riga suka biya kuɗinsu, saboda wanda ya sa su kasuwa ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar musu da kuɗinsu, gaskiya ne, amma ba wanda aka nemi izininsa kafin a shiga aljihunsa. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk wanda ya saya littafinsa ya daina buɗewa, aka biya shi aka ce Allah Ya ba da haƙuri. A ƙarshen Fabrairun 2025 Amazon ya cire hanyar da mutum ke sauke littafin da ya saya zuwa kwamfutarsa ya adana. Waɗannan manyan kamfanoni ne, kuma 'yan ƙasarsu suka yi wa haka, mutanen da ke da lauya da kotu kusa. Kai da ke Kuchi ko Sanyinna, in aka rufe maka asusu, wa za ka kama?

Sannan ga shirin da na ji ana yi, wai a yi rajista da sunan mutum ɗaya a raba kalmar sirri ga mutum arba'in. Haba jama'a. Asusun mutum ɗaya na mutum ɗaya ne, a rubuce yake cikin sharuɗɗan da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba. Ranar da suka ga ana shiga daga waya goma a lokaci guda sai su toshe, kuɗin karo-karo ya bi ruwa, a koma zaure ana zargin wanda ya riƙe kuɗin. Mun sha ganin zumunci ya watse kan abin da bai kai wannan ba.

Ku kuma dubi inda muke zaune. Littafin da sai da sabis yake buɗewa, a ƙasar da gwamnati da kanta ta taɓa kashe sabis. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara. Wato a daidai lokacin da mutum ya fi buƙatar fahimtar yaƙi, a lokacin ne kundin yaƙin nasa zai koma baƙin gilashi. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta, muka riƙa bin layin masu cajin waya kamar layin awo. Kuɗin kira da data kuma an amince a ƙara musu kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Littafin takarda ba ya neman caji. Da fitilar ƙwai ma ana karanta shi.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Ku ɗauka littafi ɗaya dala 100 ne, wanda a irin waɗannan kundaye ba a kiransa mai tsada. A farashin 1,400 zuwa 1,500 kuɗinsa naira 140,000 zuwa 150,000 ke nan, albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 har sau biyu. Malamin firamare zai yi wata biyu bai ci bai sha ba kafin ya samu izinin leƙa littafi ɗaya. In kuma na shekara-shekara ne, baɗi ma haka, a farashin da dalar ta ga dama.

Amma a ce kuɗin ba matsala ba ne. A ce wani mai hali ya ce ya ɗauki nauyi, Allah Ya saka masa. Me ke ciki da ya shafe mu? Janes ya samo asali ne daga littafin jiragen ruwan yaƙi da Fred T. Jane ya fara bugawa a 1898, yau kuma kamfanin tattara bayanan tsaro ne, abokan cinikinsa gwamnatoci ne da rundunonin soja da masu ƙera makamai. The Military Balance na cibiyar IISS da ke Landan lissafi ne na shekara-shekara, ƙasa kaza tana da tanka kaza da jirgi kaza. Aiki ne na ƙwarai ga masu shi. To in ka gano sunan ƙarfen da ya faɗo a Jabo da tsawonsa da nauyinsa, sai me? Zai gaya maka wa ya ba da izini? Zai gaya maka ko za a biya mai gonar? Waɗannan tambayoyin 'yan majalisarmu ne ya kamata su amsa, kuma ba a sayar da amsarsu da dala. Su kuwa manyan kundayen tarihin yaƙin duniya, ba don mu aka rubuta su ba. Napoleon zai cinye shafuka, yaƙin basasar Amurka zai cinye shafuka, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu su kwashe sauran. Kafin kowa ya biya, ya ce wa mai tallar ya buɗe ya nuna masa Alwasa. Ya nuna masa Tsuntsuwa. Ya nuna masa Tambuwal.

Don kuwa mu ba baƙin tarihin yaƙi ba ne, a tsakiyarsa muke zaune. Wannan ƙasa da muke takawa ta ga abin da ya isa a cika kundi. A watan Yunin 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin Malam Abdullahi suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, inda jama'a suka yi asarar mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, Shehu ya koma Gwandu nan kusa da mu, a shekarar kuma aka sha kashi a Alwasa har maƙiya suka biyo jama'a zuwa Gwandu kafin a kore su. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Gawakuke a 1836. Tambuwal ɗin nan kanta ribaɗi ce, wurin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, an zaunar da mutane ne don tsaron iyaka, kamar yadda Sarkin Musulmi Bello ya yi a Wurno. Bayan Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849 kuwa, yankin nan bai ƙara samun cikakken barci ba. An kashe Sarkin Gwandu Haliru a fagen yaƙi, aka zo aka yi Lafiyar Toga na 'yan shekaru, aka koma gidan jiya, har zamanin Sarkin Kabi Sama'ila da ya karya rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman a Argungu. Kusan shekara hamsin ana kai hari ana ramawa, ana kwashe mutane da dabbobi, ƙauyuka na tashi suna komawa bayan ganuwa. Duk wanda ke ganin abin da ke faruwa a ƙauyukan Kebbe yau, inda mutane ke barin gonakinsu suna kwana a cikin gari, ya san wannan labarin ba tatsuniya ba ce. Ba ina cewa jiya da yau ɗaya ba ne, babur da bindiga mai sarrafa kanta sun canja lissafi. Amma tambayar yadda ake kare ƙauyen da ke bakin daji, da wa ke ciyar da masu tsaro, da abin da sulhu ke haifarwa in ɓangare ɗaya bai ajiye makami ba, kakanninmu sun yi fama da ita a kan wannan ƙasar, sun kuma bar rubutu.

Ina rubutun yake? Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, shi da ya halarci yaƙoƙin da kansa. Malam Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, a ciki har da kukansa kan yadda niyyar wasu mayaƙa ta karkata ga duniya. Nana Asma'u ta yi waƙa kan Gawakuke. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya bar mana Tarihin Fulani da Hausa. Infaƙul Maisuri ma an fassara shi da Hausa tun shekarun 1970. Na Larabcin suna hannun malamanmu na zaure da masu sayar da littattafai a bakin masallatai da kasuwar Sakkwato, kuɗinsu bai kai na buhun gero ba. Waɗannan su ne tushe. Duk Baturen da ya rubuta wani abin kirki kan yaƙoƙin nan, daga nan ya ɗebo. Murray Last da ya fitar da The Sokoto Caliphate a 1967, a Sakkwato ya zauna, a gaban Waziri Junaidu ya yi karatu. Mu da ke da rijiyar a bakin ƙofa, mu ne za mu tura dala Ingila a aiko mana da ruwanta a leda?

Ba na raina aikin Turawan. Littafin Joseph Smaldone, Warfare in the Sokoto Caliphate, wanda Cambridge ta buga a 1977, shi ne ya fi kowanne zama kan batun yaƙi kansa: yadda jama'a suka fara da 'yan baka a ƙasa suka koma ga dawaki, yadda birane masu ganuwa suka sa yaƙi ya zama na kewaye da yunwa, yadda bindiga ta makara ba ta yi yawa ba sai ƙarshen ƙarni. Duk ɗalibin tarihi ya kamata ya karanta shi. Akwai The Fulani Empire of Sokoto na Johnston, 1967, akwai Power and Diplomacy in Northern Nigeria na Adeleye, 1971, akwai Concerning Brave Captains na Muffett, 1964, kan zuwan Turawa. Ku lura da shekarun. Mafi ƙuruciyarsu ya kusa shekara hamsin. Ba labaran yau ba ne da za a ce sai an sabunta su kowane wata. Kwafin takarda ɗaya in an samu, ya isa gari guda shekara talatin. Abin dariya ma, in ka buɗe ƙarshen littafin Smaldone za ka tarar da jerin kalmomin yaƙi na Hausa, su lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa. Je ka hawan sallah ka gan su a jikin doki da mahayi, kyauta.

Na zamanin Turawa kuma, mafi yawan shaidun ido sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, suna nan a intanet kyauta, halal. Clapperton ya zo wurin Bello a 1824, ya dawo a 1826 ya ga harin da aka kai wa Gobirawa da idonsa, ya rubuta. Barth ya ratsa ta Sakkwato zuwa Gwandu a 1853. Rahotannin shekara-shekara na Lugard suna nan, da yadda aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, da Burmi ranar 27 ga Yulin shekarar inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, da Satiru a 1906 inda aka kashe mutum wajen 2,000 aka shafe garin. Karanta nasu, sannan ka nemo risalar da Waziri Buhari ya rubuta yana bayanin dalilin da ya sa ya zauna da Nasara bai bi masu hijira ba. A nan ne za ka san tarihi, inda baki biyu ke ba da labarin rana ɗaya. Kundin da ya taƙaita maka duka a layi biyar, bakin wa kake jin ya ɗauka?

Babbar hujjar masu son a saya ita ce sauƙin bincike: ka rubuta kalma, cikin ƙiftawar ido ta fito maka. Na yarda wannan ni'ima ce, wanda ya taɓa kwana yana juya shafuka yana neman suna ɗaya ya san haka. Sai dai ga sunayenmu abin ba ya tafiya yadda ake zato. Clapperton Sackatoo yake rubuta Sakkwato. Barth Gando yake ce wa Gwandu. Tambuwal kuwa a takardun Turawa za ka gan ta Tambawel, ka gan ta Tambawal. Mutanen Kebbe su suka fi shan wuya: rubuta Kebbe, na'ura ta ɗauka kuskure ka yi ta kawo maka Kebbi. Wanda bai riga ya san tarihin ba, bai san ma abin da zai rubuta a akwatin binciken ba. Na'urar tana taimakon wanda ya yi karatu ne, ba ta yi wa kowa karatun.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Kai yaro, mi kaka nuhi? Ilimi na da tsada ne? Da munka tai makaranta ba mu sai da akuya ba?" Baba, Allah Ya ƙara girma, an sayar da akuya, amma an dawo da abin da ya zauna a kai da allo da littafi a buhu. Ba a sayar da ita don a biya kuɗin leƙen taga na wata goma sha biyu ba. Wani kuma, matashi ne shi, ya ce irin tunanina ne ya bar Arewa a baya, wai muna tsoron zamani. Ɗan'uwa, da waya nake rubuta wannan, kai ma da waya kake karantawa. Ba zamani nake ƙi ba, cinikin kifi a ruwa nake ƙi. Kuma in za a faɗi gaskiya, cikin masu zumuɗin nan akwai waɗanda abin da suke so shi ne hoton shafin Turanci mai tambarin kamfani, su ɗora a nan a ce Malam ya san sirrin soja. In ba haka ba, mutum nawa ne a zauren suka karanta Infaƙul Maisuri daga farko zuwa ƙarshe? Ku amsa a zuciyarku, ba sai kun rubuta ba.

Akwai waɗanda sayen ya wajaba a kansu, ban musa ba. Makarantar horon hafsoshi ta NDA a Kaduna, kwalejin Jaji, kwalejin tsaro ta Abuja, waɗannan aikinsu ne su san tankar maƙwabci da jirginsa, kuma da kuɗin ƙasa za su biya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jiha su ma haka, rajista ɗaya ta ɗakin karatu tana amfanar ɗalibai dubbai, a nan kwalliya kan biya kuɗin sabulu. Akwai ma kundin da zan so kowane ɗakin karatu a jihar nan ya mallaka komai tsadarsa: juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa da John Hunwick ya tattara, bugun Brill na 1995, domin shi ke jera maka abin da malamanmu suka rubuta da inda kwafin yake. Saboda haka in kuna da ƙarfin matsa lamba, ku matsa wa hukumomin jami'a da TETFund su biya, su kuma buɗe ƙofa ga malamin sakandaren da ya taso daga Kebbe da takardar shaida a hannu. Mai binciken da ke gida kuma ya sani JSTOR na barin mai rajistar kyauta ya karanta wasu maƙaloli a kowane wata. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Kuɗin mota zuwa Sakkwato ka dawo, ko sau goma ne, bai kai littafin dala ɗari ba.

Na san wani zai ce duk wannan surutun banza ne, ai komai na Telegram, a sauke PDF kawai. Ni ba na kiran kowa ya ɗauki haƙƙin wani. Wanda ya ɓata shekara goma yana bincike yana da haƙƙi, musamman malamanmu na gida da ke buga littafi da albashinsu, kwafi ɗari biyar ya yi shekaru bai ƙare ba saboda an ɗauki hotonsa an watsa. In akwai wanda ya cancanci kuɗinmu, su ne. Ku kuma tuna ko rumbun kyauta ba shi da tabbas: bayan shari'ar da manyan kamfanonin ɗab'i suka yi da Internet Archive, wadda ya sha kaye a 2023 ya kuma faɗi ɗaukaka ƙara a 2024, an janye littattafai sama da 500,000 daga waɗanda yake ba da aro. Abin da ka samu na halal, sauke shi, buga shi a takarda, ɗinke shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke salwanta a gabanmu muna kallon Landan. Sojojin da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun kusa ƙarewa, yawancinsu sun tafi da labarinsu kabari ba wanda ya ɗauka. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 yau tsofaffi ne tukuf. 'Yan ECOMOG da suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo bayanta, furfura ta kama su. Suna nan a garuruwanmu, a bakin masallaci, wasu na gadi, wasu na jiran fansho. Wa ya taɓa zama da su da waya ya ce Baba ba ni labari? Ga masu kiɗan fada da maroƙa da ke riƙe da sunayen barade da wuraren da aka kara. Ga takardu a gafaka da adaka a gidajen malamai, gara na ci, ɗigon damina na ci. Ga kuma yaƙin da muke ciki yanzu. Wane gari aka shiga, ran nawa ga wata, mutum nawa aka ɗauka, nawa aka biya, yaushe jami'an tsaro suka iso, ina mutanen suka koma? Wa ke rubutawa? In ba mu rubuta ba, nan da shekara arba'in wani zai zo daga waje ya yi wata shida, ya tattara abin da ya saura a bakin tsofaffi, ya buga, a sa masa kalmar sirri, jikokinmu su yi karo-karo su leƙa. Wannan aikin kam yana son hankali, kada a sa sunan mai ba da labari inda zai jawo masa bala'i, mun san akwai masu kai rahoto daji. A rubuta a ajiye, ba komai ake ɗorawa a Facebook ba.

To in dai an ƙudura sai an tara kuɗin, ga inda nake ganin a kai su. A sayi kabad na ƙarfe biyu, ɗaya a Tambuwal ɗaya a Kebbe, a ajiye a makarantar da shugabanta ya yarda. A zuba Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati da Tarihin Fulani, na Larabci da fassara, kwafi bibbiyu. A nemo Last da Smaldone da Johnston da Adeleye na takarda, ko na hannu ne, ta wurin 'yan'uwanmu da ke karatu waje ko masu tsofaffin littattafai a Zariya da Ibadan. A buga Clapperton da Barth da rahotannin Lugard, sassan da suka shafe mu kawai, a ɗinke. Abin da ya rage a ba ɗalibai huɗu ko biyar kuɗin mota da katin ajiya su zagaya wurin tsofaffi a lokacin hutu, duk hirar da aka ɗauka a yi mata kwafi uku, ɗaya a kai Sakkwato.

Matsalar da na hango ita ce ta makulli, don mun san halinmu da littafin aro, ya fita ba ya dawowa. A sa littafin rajista, a karanta a wurin, wanda ya ɓatar ya biya biyu ko ɗan wane ne. Masu ra'ayin Janes kuma ga fili nan a ƙasa. Ku zo da farashin shekara ɗaya a rubuce daga kamfanin, da sunan wanda za a yi rajistar da shi, da abin da za mu riƙe a hannu ranar da shekarar ta cika.